Ragunan Ardo da Motar Garanti

A zamanin da nake ba ku labari, daga Kaura Namoda har bakin iyakar Nijar babu babbar motar da ta isa ta ɓoye mini ciwonta. Ina kishingiɗe a benci a gareji mota za ta wuce a titi, in gaya wa na kusa da ni cewa boris ɗin ƙafar baya ya kusa tafiya, kuma direban ko karin kumallo bai yi ba. Akwai ranar da na ji tarin wata roka, irin babbar motar kayan nan, tun tana Zurmi, na aika aka sayo mata ringi kafin ta iso. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi waɗanda aka yi a gabansu, sai dai akasarinsu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Sunana Garba, Bagobiri ne ni, ga zanen nan a kumatu ba sai an tambaya ba. Mota ɗaya ce kawai ta taɓa yi mini gardama a bainar jama'a, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan.

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin gareji da hannu cikin aljihu kuna cewa makanikanci ai kwancewa ne da ɗaurawa, ku matso. Ni na koyi aiki a hannun marigayi Malam Tanko, can kusa da tashar jirgi inda layin dogo ya ƙare. Shekarata ta farko ko sifana bai bari na riƙe ba. Tasa ce a gabana cike da gas, ina wanke noti da ƙusoshi har yatsuna suka yi fari kamar na mai sayar da alabo. In ya ga na fara hamma sai ya rufe mini ido da tsumma, ya miƙo noti ya ce in faɗi lambar sifanarsa. In na kuskure, tsumman nan mai baƙin mai shi ne zai sauka a ƙeyata. Daga baya ya koya mini dafa bakin sukundireba a jikin inji, in kanga ƙotar a kunne, in saurari abin da ke gudana a ciki. Ya ce inji ba ya ƙarya, sai dai makanike ya ƙi ji.

Wata motar auduga ta taɓa huda lagireto a hanyar Gurbin Bore, rana tsaka, babu gari kusa sai wata 'yar bukka. Muka roƙi matar gidan sabulun salo da garin kuka, muka cuɗa, muka liƙe hujin, muka zuba ruwan rijiya. Motar nan ta kai Gusau, kuma direban ya rantse mini har Funtuwa ana jin ƙanshin miya. Gaskit kuwa ba saye muke yi ba in an matsu. Kwali mai kauri za ka samu, ka ɗora a bakin ƙarfen, ka bi gefe da 'yar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta fito. Ka yi gaggawa ka yage shi, ka koma neman wani kwalin a kasuwa.

Kayan gyara ta hanya biyu suke zuwa mana. Ta farko maƙabarta, wato filin bayan gareji inda matattun motoci suke kwance, kowace muna cire mata abin da ya rage mai rai. Ta biyu shagon Oga Sande, wani mutumin Ibo da ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Za ka kai masa ƙarfen da ya karye gida uku, ya juya shi sau ɗaya, ya shige can ƙuryar shago inda ko fitila babu, ya fito da ɗan'uwansa. Zai gaya maka gaskiya kuma: wannan na asali ne, wannan na hannu ne daga Kwatano, wannan kuwa ka sa shi ka yi ta addu'a.

Da aka yanke mana jiha aiki ya buɗe. Gusau ta zama babban birni, siminti da rodi da kwano suna ta shigowa, kowace tsohuwar mota da aka jingine aka tashe ta. A lokacin ne wasu alhazai suka fara zuwa Kano suna sayo sababbi fil daga kamfani, da wani abu wai shi garanti. Ma'anarsa, in motar ta lalace kafin wa'adi kamfani ne zai gyara, amma da sharaɗin kada wani makanike na waje ya taɓa ta. Har ɗan hatimin dalma suke maƙalawa a wasu ƙusoshin, su ɗiga jan fenti, don su gane in an kwance. Mu dai muka riƙa yi musu dariya a teburin mai shayi. Cikinmu kuwa babu wanda bai leƙa ƙarƙashin motocin nan a ɓoye ba.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ina cikin waɗanda suka tafi Gusau a saman bodin mota ana kabbara, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da yake na yi asarar wasu direbobi da suka saba kawo mini mota a lanƙwashe duk ƙarshen mako, don tunda aka hana giya suka fara ganin hanya guda ɗaya maimakon biyu. Amma ta fuskar sana'a shekarar ta ba mu wuya. Jita-jita ta yi yawa, labarin tashin hankali ya riƙa zuwa daga wasu garuruwa, dangin Oga Sande suka matsa masa da saƙo. A Kaura babu wanda ya ko harare shi, har dattawa suka je suka ba shi baki, amma ya ce uwarsa ta daina cin abinci. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo ya tafi, wasu 'yan'uwansa suka bi shi. Ya dawo daga baya, amma a wannan tsakanin ko ƙusa ɗaya kake nema sai ka hau mota zuwa Gusau, ka samu can ma rabin layin a rufe. Maƙabartarmu muka cinye ta har sai da ya zama saura ƙasusuwa.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta matso, ga zafin bazara ya fara. Ranar wata Alhamis, bayan kasuwar Shinkafi ta watse, aka zo aka ce mini sabuwar motar Alhaji Sani ta tsaya a hanya, saura kaɗan ta shigo Kaura. Alhaji Sani ba wani hamshaƙi ba ne, tsohon direba ne da ya sayar da tsofaffin motocinsa biyu ya haɗa ya sayi wannan guda. Na ɗauki akwatin kayan aiki na hau bayan babur.

Na tarar da ita a gindin wata tsamiya, an yi mata bene da katako, sama da ƙasa raguna ne maƙil, za a kai su Ikko. Mai kayan wani dattijon Bafulatani ne daga wajen Jangeru, Ardo Buba, siriri, mai magana kamar ba ya so a ji. Ragunan ba nasa ba ne shi kaɗai. Na matan rugarsu ne da na maƙwabtan ƙauyuka, kowace ta turke ɗaya ko biyu tun kaka tana ba su dusa da harawa, suka danƙa masa amana ya kai kudu inda suke daraja. Kowa ya san ragon layya in ya isa kasuwa bayan an sauko daga idi ya zama ragon kawai. Wata motar da za a juye su kuwa babu, don a irin wannan mako ko amalanke an yi hayarta.

Direba ya ce tana cikin tafiya lafiya sai ta ɗauke kamar an shaƙe ta. Na ce ya ba ta wuta. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Na dafa sukundireba, na rufe ido, jama'a suka yi tsit. Na duba tanki akwai gas, na kwance bututu na ga yana zuwa har bakin famfon injekta, amma daga nan ba ya wucewa. Na miƙe na kaɗe riga na sanar da duniya cewa famfo ya mutu, kuma ba a yi makaniken da zai ce ba haka ba. Na ɗauko kurfi da guduma na nufi hatimin dalmar nan.

Alhaji Sani ya riƙe mini hannu. Ya ce in yi wa Allah in dakata, motar nan ita ce duk abin da ya mallaka, in na fasa hatimin kamfani ya zare hannunsa, kuma famfo irin wannan ba abin da zai iya saye ba ne. Na ce to ya zaɓa, ko dalma ko raguna. Ya ce zai je Gusau ya buga waya Kano. Na gaya masa kafin mutanen Kano su gama cike takardunsu ragunan nan sun haifi jikoki.

Aka sauke dabbobi a inuwar tsamiya. Ni kuma don kada a ce ina zaune, na koma maƙabarta na ciro famfon wata tsohuwar mota, na ɗoro shi a amalanke na kawo, na kanga shi kusa da na sabuwar. Ramukan ƙusoshi ba su yi daidai ba ko ɗaya. Na ce ba komai, zan bi su da zarto. Direban ya dube ni, ya dubi famfon, ya tafi ya yi alwala.

Alhaji ya dawo daga Gusau fuska a yamutse. Kamfani sun ce a jawo motar zuwa Kano ta shiga layi. Sai da ya yi ta magiya, ya ambaci dabbobi, kafin wani babba ya ce za a turo mutum ya duba in an samu sarari. Muka shiga jira. Dusar da Ardo ya ɗauko ta hanya ce, ta fara ƙarewa. Ruwa sai an saya daga 'yan garuwa. Ragunan da suka sauko suna tunkuyin juna suka koma kwanciya suna haki, cikinsu ya fara faɗawa. Mahautan Kaura suka ji labari suka fara zagayowa suna taya su da farashin wulaƙanci. Ardo bai ɗaga murya ga kowa ba. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa bayansu, yana kiran sunan mai kowane, na Inna wance, na matar wane.

Da hantsin rana ta uku wata a-kori-kura mai tambarin kamfani ta tsaya. Wani mutum ya fito cikin rigar aiki mai tsabta kamar zai je ɗaurin aure, da akwati mai ɗauke da sifanu jere kowace a gurbinta. Ya yi sallama a taƙaice, ya zagaya motar, ya duƙa ya duba hatimi, sannan ya tambaya da Hausar Kano wa ya kawo wancan tsohon famfon. Na fito ina gyara tsayuwa, na shirya masa baƙar magana tun daga Kaura. Ya ɗago ya dubi kumatuna, ya daɗe yana kallo, sai fuskarsa ta saki.

"Ashe bawana ne a nan," in ji shi. "Shi ya sa. Ai da an gaya mini akwai Bagobiri a kusa da motar da na taho tun jiya da gudu."

Na tambayi sunansa ya ce Rasaki. Bayarabe ne haifaffen Kano. Ku yaran yanzu wataƙila ba ku sani ba, tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangijin ɗaya, kuma duk abin da ɗayanku ya faɗa ba a fushi. Baƙar maganar da na tanada ta zama ba ta da amfani.

Na ce, "Wa ya sake ka daga turke har ka sa rigar Turawa? Zo ka gaishe da ubangidanka, sannan ka riƙe mini fitila."

Ya ce, "Fitila da rana tsaka? To lallai na ga abin da ya kashe motar."

Jama'a suka fashe da dariya, har Alhaji Sani da ya kwana biyu bai yi murmushi ba. Da wani ne daban ya zo, da ni da shi sai dai a raba mu, don ba zan tsaya baƙo ya gyara mini magana a gaban mutanen garinmu ba. Amma wannan ko ya ce kaina na kabewa ne dole in yi dariya in rama. Haka muka shiga ƙarƙashin bonet tare muna zagin kakannin juna.

Bai taɓa famfon ba. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai allura ya dangwala a kan wani ɗan ƙarfe mai wayoyi biyu da ke maƙale a gefe, bai fi kwalbar turare girma ba. Ni na gan shi tun ranar farko, na ɗauka na hon ne ko na fitila, aikin masu wayarin. Ya ce a tsofaffin motocin da na saba da su, in direba zai kashe inji wani maɓalli yake ja da hannu ya toshe gas. A wannan kuwa ɗan ƙarfen nan ne yake aikin da lantarki: a murɗa makulli ya ja wani ɗan hannu ya buɗe hanya, a kashe ya sake shi ya rufe. Ya ƙone, hanya ta zauna a rufe. Ya sa yatsa ya tura ɗan hannun, ya ce direba ya ba ta wuta. Motar nan ta yi gurnani ta tashi, ragunan da ke kwance suka zabura. Ya ɗauke yatsa ta mutu.

Na ce ai daman abin da nake shirin dubawa ke nan ya riga ni. Ya ce ya sani, Gobirawa ba sa kuskure, sai dai su yi jinkirin shekara.

Alhaji ya ce to alhamdu lillahi, a sa sabo. A nan Rasaki ya daina dariya. Ya ce babu shi a sito a Kano, akwai ma wasu motocin da ke ajiye a harabarsu suna jiran irinsa, an rubuta Ikko, Ikko kuma suna jiran jirgin ruwa. Shi kuma doka ta hana shi sa wa motar kamfani duk abin da ba na kamfani ba, in ya yi a bakin aikinsa. To kun ji inda kowa ya tsaya. Shi ya san ciwon sarai, yana da littafi da na'ura da sifanun da ban taɓa ganin irinsu ba, amma hannunsa a ɗaure. Ni hannuna a sake, amma da an bar ni da na fasa lafiyayyen famfo. Na ba shi shawara ya zauna a kan injin da yatsarsa har Ikko, tunda garinsu ne.

Ya ce, "Ni an hana ni. Kai wa ya hana ka? Ɗan hannun nan a waje yake, babu dalma a kansa."

Alhaji Sani ya tambaye shi garanti fa. Rasaki ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, kuma ba zai yi wa manyansa ba. Zai gaya musu abin da ya tarar da abin da aka yi, zai shaida cewa ba a taɓa hatimi ba, amma abin da za su yanke ba a hannunsa yake ba. Alhaji ya dubi motarsa, ya dubi gindin tsamiya, inda Ardo ya tallafo kan wani farin rago yana ɗura masa ruwa da ƙoƙo. Ardo bai ko waiwayo ba.

"Garba," in ji Alhaji, "yi abin da za ka yi. In sun ƙwace garantin, Allah na nan."

Na aika aka samo mini wayar birkin keke a wurin mai faci, na ciro wani ɗan sifirin daga tsohon birki a akwatina. Sifirin ya riƙe ɗan hannun a buɗe, na ɗaure shi tam da waya. Wayar keken kuma na bi da ita ta wani rami da ke akwai har gaban direba, na yi mata kunne, in zai kashe inji ya ja. Rasaki yana tsaye da hannu a baya kamar mai duba makaranta, bai taɓa komai ba, bakinsa kawai ke aiki: matsa hagu bawana, kada ta goga bututu, a nan zafi zai cinye ta. Sau biyu yana sa ni in kwance in sake. Aka tayar da ita, aka kashe, aka sake tayarwa. Kafin la'asar an mayar da raguna bene, Ardo ya hau gaba kusa da direba, suka kama hanyar Gusau. Na ja Rasaki zuwa gida ya ci tuwon gero, ya ce babu yaji, na ce ai ba don bayi aka dafa ba.

Ragunan sun isa ana saura ƙiris, sun ɗan faɗa amma sun sayu, farin nan ma ya kai da ransa. Kamfani suka yi ta gunaguni, suka kira Alhaji ya je ya yi bayani, amma da ƙarfen ya iso bayan an fara ruwa suka sa masa ba su ce komai ba.

Bayan sallah ina zaune wurin mai shayi ina ba da labarin. A lokacin labarin ya riga ya girma: ragunan sun kai dubu, injiniyoyin kamfani sun zo mota guda sun kasa, ɗaya har da kuka, sannan aka ce a nemo Garba. Ban lura ba ashe Ardo Buba yana ƙarshen benci, ya sauka daga motar Gusau yana jiran ta Shinkafi, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Da na gan shi na ji daɗi, na ce ga shaida nan Allah ya kawo, Ardo gaya musu abin da idonka ya gani.

Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce matan ruga suna gaisuwa. Sannan ya ce:

"Ni dai, Malam Garba, abin da na gani, Bayaraben nan shi ya nuna wurin, kai ka ɗaure. In ko ɗauri ne, jikata ma ta iya, ita ka ɗaure muna maruƙa ga dangwali kullum da maraice."